Babi na Shida: Bindigar Yaƙi a Gidan Talaka

Akwai wata tambaya da a da ba a jin ta a ƙasar Magariya, yanzu kuwa ana yin ta, ko da a ƙasa-ƙasa ne. Falken da ke kai dabbobi kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya dawo da kuɗi a lalita yana yin ta. Mai shanun huɗa biyu da ke kwana da kunne ɗaya a turke yana yin ta. Samarin da ke zaman fada da dare, suna shan shayi suna kallon hotunan hare-haren Zamfara a waya, su ma suna yin ta: in abin nan ya iso mu, da me za mu tare shi? Daga nan sai hira ta gangara kan wace bindiga ce ta fi, ta toka, ko mai baki biyu, ko kuwa irin wadda maharan ke ratayawa, mai cin harsashi 30.

Mai wannan tambaya bai cancanci raini ba, domin tsoro ne ya sa shi, kuma tsoron yana da dalili. Gundumomin Magariya da Dungas, waɗanda gunduma ɗaya ce kafin a raba su a 2011, a kan iyakar Najeriya suke kwance, tun daga Sasumburum a yamma har Malawa a gabas. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da dubu 900 a cikinsu, suna daga wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar baki ɗaya. Tsallaken iyaka ga Zango da Ɓaure da Babura da Maigatari, inda ake cin kasuwa ɗaya, ake auratayya, ake zuwa wa juna ta'aziyya a ƙafa. Abin da ya sami Jibiya da Batsari a jihar Katsina, ko Gidan Rumji da Madarunfa a jihar Maraɗi, tafiyar yini guda ce a mota daga nan. Allah ya kiyaye wannan yanki bai ga irin wancan bala'i ba. Abin da aka saba da shi shi ne satar dabbobi, da fashin hanya jefi-jefi, da rigimar ɓarnar gona. Amma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, dole ya nemi ruwa.

Abin da nake so in tsaya a kai a wannan babi shi ne, bindigar yaƙi a hannun farar hula ba ruwan kashe wannan wuta ba ce. Ƙarancinta a gidajenmu yana daga manyan dalilan da suka sa har yau ake kwana a gona a Bande da Waca, kuma ranar da ta yawaita, wannan kariya ta tafi, ba kuma cikin sauƙi take dawowa ba.

Daga ta toka zuwa mai ɗura kanta

Kafin a yi gardama a kan bindiga, ya kamata a san cewa iri-iri ce, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi ƙwarai.

Wadda kowa ya sani ita ce ƙirar maƙera, ta toka, wadda wasu ke ce wa adaka, wasu harba-ka-ruga. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da maharbi yana ɗura ta ya san aikin da take ci. Zai kafa gindinta a ƙasa, bakin yana sama, ya kwance ɗan burgamensa ya auna albarushi a tafin hannu ya zuba. Ya yago ƙyalle ya cusa, ya zaro sandar ƙarfe ya yi ta dannawa har ya ji ta zauna. Ya zuba dalma ko guntayen ƙarfe, ya ƙara wani ƙyallen, ya sake dannawa, sa'an nan ya gyara wurin tashin wuta a gindin kunama. Duk wannan wahala ta harbi ɗaya ce. In ya saki, hayaƙi ya turnuƙe shi, sai ya koma farko. A tsakanin harbin farko da na biyu akwai lokacin da zuciya za ta iya saukowa, akwai lokacin da wani dattijo zai riƙe masa hannu, akwai lokacin da wanda aka nufa zai tsira.

Sama da ita akwai bindigar farauta ta Turawa, mai baki ɗaya ko biyu, wadda harsashinta ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma. Ta zabo ce da zomo da gada. Daga ɗan nesa kaɗan ƙarfinta ya ƙare.

Ta uku ita ce ake magana a kanta. Mikhail Kalashnikov ya ƙera AK-47 a Tarayyar Sobiyet a 1947, kuma don soja ya yi ta. Gidan harsashinta yana cin 30. Da an harba, iskar da albarushi ya fitar ita ke tura ƙarfen ciki baya, ya tofar da kwanson da ya ƙone, ya ɗauko sabon harsashi ya saka, duk kafin ƙiftawar ido. Tana da saiti biyu: ko ta yi ta ɓarin wuta muddin yatsa na kan kunama, ko ta fitar da ɗaya-ɗaya duk sa'ad da aka ja. A Amurka galibi irin mai saiti na biyun ake sayar wa farar hula, kuma wadda ta fi shahara ita ce AR-15, 'yar'uwar M16 ta sojan ƙasar. Masu tallarta suna cewa ai ba ta ɓarin wuta, saboda haka ba ta yaƙi ba ce. Amma mai saurin yatsa zai iya ƙarar da harsashi 30 ɗin nan kafin maharbinmu ya gama auna albarushinsa. Harsashin yana kisa daga nisan ɗaruruwan mitoci, wanda ya kuskure kuma yana iya wuce kilomita biyu kafin ya faɗi. Zana ba ta tare shi, ƙofar langa-langa ba ta tare shi, bulon siminti mai rami a ciki ma yana iya fasa shi.

Akwai wani abu kuma da masu hirar zaɓen bindiga ba su cika lura da shi ba. A ƙasarmu babu kantin da ake jera irin wannan makami mutum ya shiga ya duba ya zaɓa. Wadda ke yawo a ɓoye ta soja ce, an sato ta daga ma'ajiyar gwamnati, ko an kwaso ta daga gawar jami'in tsaro, ko ta ratso Sahara bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011. Masu bin diddigin makamai sun gano irin waɗannan na Libiya a hannun mahara a Katsina da Zamfara. Saboda haka duk wanda ya sayar da bijimi ya sayi ɗaya, wa dillalin da ke kai wa 'yan bindigar daji ya miƙa kuɗinsa, kuma dillalin ya san gidansa, ya san abin da ya ajiye a ciki.

Sarkin da ya tara bindiga bai raba wa talakawa ba

Mutanen Damagaram ba baƙin bindiga ba ne. Sarki Tanimun, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884, ya tara makaman da ba a ga irinsu ba a wannan yanki. Fatake suna kawo masa bindigogi daga Tarabulus ta hanyar Sahara, maƙeransa suna zuba igwa a cikin birnin Zinder, ana kuma haɗa albarushi a gida. An ruwaito cewa ya mallaki bindiga wajen dubu 6 da igwa kusan 40. Da wannan ƙarfi Damagaram ta danne ƙasashen Sosebaki, wato su Mirya da Waca da Dungas, ta kuma shimfiɗa ikonta a kan garuruwan da zuriyar sarakunan Haɓe na Daura suka riƙe bayan jihadi, Magariya na cikinsu. A zamanin Ahmadu Kuran Daga rundunarta ta kai yaƙi har kusa da Kano.

Abin lura a nan shi ne a hannun wa bindigogin suke. A hannun dakarun sarki suke, yawancinsu bayin fada, ƙarƙashin shugabannin da za a tuhuma in an yi ɓarna. Manomin ƙauye yana da kwari da baka da mashi da gora. Sarakunan wancan zamani, na Damagaram da na Kano da na Sakkwato, duk sun gane cewa makamin da ya fi ƙarfin jama'a dole ya zauna inda ake iya ƙirga shi. Da Faransawa suka ci Damagaram a yaƙin Tirmini a watan Yulin 1899, sai suka ɗora nasu takunkumin. Yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta riga ta hana sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka bindigogin zamani, aka bar musu ta ƙyastu. Turawa don kare mulkinsu suka yi haka, ba don ƙaunarmu ba. Duk da haka, abin da aka gada daga sarakuna da kuma dokar da ta biyo baya sun haɗu sun bar mu da ƙasar da bindiga ba ta zama kayan ɗaki ba. Ƙiyasin da cibiyar binciken ƙananan makamai ta Janeba ta fitar a 2018 ya sa Nijar a ƙasa da bindiga ɗaya ga kowane mutum 100, Najeriya wajen uku, Amurka kuwa 120.

Abin da doka ta ce

A Nijar riƙe bindiga ba haƙƙin da aka haifi mutum da shi ba ne, izini ne da hukuma ke bayarwa, tana kuma iya karɓe abinta. Tun watan Afrilun 1963 akwai dokar da ta tsara shigo da bindigogin farauta da sayar da su da ajiye su. Ma'aikatar cikin gida ce ke ba da takardar izini, bayan an binciki halin mai nema, kuma takardar ta mutum ɗaya ce da bindiga ɗaya, ba a ara, ba a gada sai da sabon izini. Makaman yaƙi na soja ne da jandarma da gardi da 'yan sanda. Wanda aka kama da ɗaya ba bisa ƙa'ida ba, gidan kaso ne makomarsa. Farautar kanta tana da tata dokar ta 1998, mai lokacin buɗewa da rufewa.

Nijar ta ɗanɗana abin da yawaitar makamai ke jawowa a lokacin tawayen arewa na shekarun 1990. A 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI. Ranar 25 ga Satumban 2000, a Agadas, a gaban Shugaba Tandja Mamadu, aka tara bindigogi sama da dubu da tsofaffin 'yan tawaye suka miƙa aka cinna musu wuta. A 2006 ƙasashen ƙungiyar Afirka ta Yamma, CEDEAO, suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar ƙananan makamai, wadda ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin tace wanda za a ba izini da ajiye rajistar makamai. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, amma ficewar ba ta soke dokokin cikin gida ba.

Ga mutumin Magariya akwai doka ta biyu da ke kansa, domin rabin harkarsa a tsallaken iyaka take. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar soja cikin waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu, ta farauta a hannun sufeto janar na 'yan sanda, ta toka a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ba jami'an tsaro umarnin harbe duk wanda aka gani da AK-47 a daji. Sojan da ya hango mutum da ita a kafaɗa ba zai tsaya tambayar ko ɓarawo ne ko mai tsaron shanunsa ba. Ko ta toka ma tana iya zame wa mai ita ajali inda zargi ya yi yawa. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan banga suka tare motar mafarauta 'yan jihar Kano da ke komawa gida hutun salla, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne. Mutum 16 aka kashe a wurin.

Maƙwabta sun riga sun gwada

Wannan shawara ta kowa ya nemi tasa ba sabuwa ba ce, an gwada ta a gabanmu, kuma gwamnoni ne da kansu suka yi kiran. A watan Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya ce wa mutanen Katsina su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce wa mutanen Zamfara su zo su cika takardar neman izinin bindiga, har babban hafsan tsaron ƙasar na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Hare-haren ba su tsaya ba. Gwamnonin da suka gaje su sai suka canza hanya: Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma ta Katsina a watan Oktoban 2023, Dauda Lawal ya kafa Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024, masu kaki da albashi da horo da shugabanni. Ko me mutum zai ce game da aikin waɗannan runduna, kafa su shaida ce cewa makami ba tare da tsari ba bai biya bukata ba.

Tarihin rikicin Zamfara kansa ya isa darasi. Da satar shanu da rigimar gona da burtali ya fara. Mutanen gari suka kafa 'yan sa kai don maganin ɓarayi, 'yan sa kai suka shiga kama Fulani a kasuwanni suna kashewa ba shari'a, mai laifi da marar laifi. Waɗanda aka kashe wa iyaye suka sayar da shanu suka sayi bindiga suka shiga daji. A watan Afrilun 2014 mahara suka auka wa taron 'yan banga a 'Yargaladima, suka kashe mutane masu ɗimbin yawa a yini ɗaya. A jihar Sakkwato, a watan Oktoban 2021, 'yan sa kai suka kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa, ba a yi mako biyu ba mahara suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, sama da mutum 40 suka mutu. Waɗanda suka mutu a Goronyo cin kasuwa suka je.

A cikin Nijar ma an gani. A watan Nuwamban 2021 magajin garin Banibangu, a jihar Tillaberi, ya jagoranci 'yan sa kan yankinsa a kan babura suka fita neman masu tayar da ƙayar baya da suka addabe su. Aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka kwanta dama, har da shi magajin garin. Jarumtaka ba ta yi musu ƙaranci ba, makami ma suna da shi gwargwado. Abin da ba su da shi shi ne horon yaƙi, da labarin inda abokin gaba yake, da wanda zai kawo musu ɗauki.

Gaskiya ne akwai ƙauyukan da suka kori mahara da bindigoginsu, kuma ba ni da bakin zargin mutumin da hukuma ta yashe shi, aka zo ɗaukar 'yarsa ya tashi ya kare ta da abin da ya samu. Amma a duba abin da ke biyo baya. Maharan kan koma su ƙaro yawa su dawo, ko su juya kan ƙauyen gaba da ba shi da komai, shi ma ya shiga neman tasa. Kowane gari da ya yi makami yana tilasta wa maƙwabcinsa ya yi, kowace ruga haka, har a kai inda ba mai iya ajiyewa don tsoron ɗan'uwansa. Mutanen Zurmi da Maradun a Zamfara sun riga sun shiga wannan hali. Mutanen Magariya da Dungas ba su shiga ba, zaɓi yana hannunsu har yanzu.

Ranar da shanu suka shiga gona

Haɗarin da ya fi kusa da mu ba daga dajin Zamfara zai taso ba, a gonakinmu yake, kuma kowace kaka yana zuwa. An yanke gero an ɗaure dammuna, amma wake da gyaɗa suna ƙasa, hukuma ba ta sanar da ranar sakin gonaki ba, garkunan da suka yi damina a arewa kuwa sun fara gangarowa. Ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, an cinye gefen burtali da noma, lambunan rake da rogo sun kewaye koramu da tafkunan da dabbobi ke sha.

Da asuba manomi ya je ya tarar an tattake masa wake, ga kashin shanu ɗanye, ga sawu ya nufi gabas. Ya dawo gari idonsa ja, samari suka ɗauki gora da adda suka bi sawun. Aka yi cacar baki, wataƙila aka fasa wa wani kai. Kafin azahar magana ta kai zauren mai gari. Manomi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, abincin 'ya'yana na shekara ne aka cinye." Arɗo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yaro ne barci ya ɗauke shi, a duba ɓarnar, za mu biya." Aka tura dattawa biyu da wakilin makiyaya su auna wurin da ƙafa, aka yi ciniki, aka yanka jaka kaza, aka yi fatiha. In abin ya gagara a nan, a wuce wurin sarki, daga can sai hukumar kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, ko kotu. Mutanen nan biyu za su sake haɗuwa a kasuwar Magariya, ɗaya na sayar da hatsi, matar ɗayan na sayar da nono.

Duk wannan tsari a kan abu ɗaya ya dogara: a iso zauren mai gari ba gawa. Raunin gora yana warkewa, a biya diyyarsa. In ɗaya daga cikin samarin nan yana da mai cin 30 a ƙarƙashin gado, ko yaron da ke kiwon yana da ita a cikin kayansa, abin da zai faru a minti ɗaya ya fi ƙarfin mai gari da arɗo da sarki. Kada kuma wani ya ce mu ba haka muke ba. A watan Oktoban 1991, a Toda ta jihar Maraɗi, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka sama da 100, yawancinsu mata da yaran Fulani. A watan Nuwamban 2016 an sake yin irinta a Bangi ta gundumar Madawa, mutum kusan 20 suka mutu. Fushin yana nan a cikinmu kamar yadda yake a cikin kowace al'umma, abin da ya rage mana shi ne kada mu ba shi kayan aiki.

A cikin gida ma haka zancen yake. Gidanmu na Hausa ba shi da akwatin ƙarfe mai makulli. Ɗakin maigida yara na shiga su fita, ƙannai da 'ya'yan 'yan'uwa suna kwana a zaure, akwai saurayin da ya fara shan ƙwaya ba a sani ba, akwai rabon gadon da ya ƙi ƙarewa, akwai ranar da miji da mata za su yi faɗan da ba su taɓa yi ba. Bindigar da aka saya don ɓarawon da wataƙila ba zai zo ba, kullum tana tare da waɗannan. Amurka, inda tsarin mulki ya ba kowa 'yancin riƙe makami tun 1791, ta rasa mutum sama da dubu 48 ta hanyar harbi a 2021 kaɗai, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. A watan Mayun 2022 wani saurayi ɗan shekara 18 ya sayi irin AR-15 ta hanyar da doka ta yarda, ya shiga makarantar firamare a garin Uvalde ya kashe yara 19 da malamai biyu. Ostireliya ta hana irin waɗannan bindigogi bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnati ta saye wajen dubu 650 daga hannun jama'a ta lalata. Niyu Zilan ta yi haka bayan an kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch ranar wata Juma'a a watan Maris na 2019. Waɗannan ƙasashe biyu masu kuɗi ne da 'yan sanda a kowace unguwa, amma sai da suka zubar da jini kafin su dawo inda muke tsaye yau. Addininmu ma ya riga ya yi gargaɗi: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani.

To, da me za a tare shi?

Wanda ya ce wa talaka kada ya riƙe bindiga, wajibi ne ya faɗa masa wa zai riƙe domin shi. Nauyin farko na gwamnati ne, kuma haƙƙin jama'a ne su nema da babbar murya. Iyaka mai tsawo da jama'a masu yawa haka tana bukatar jandarma da gardi a kusa da ƙauyuka, masu mota da mai a cikinta, masu lambar wayar da in an kira da tsakar dare za a ɗauka. A jihar Maraɗi sai da abin ya yi ƙamari aka kafa rundunar Farautar Bushiya. A jihar Damagaram ya kamata a riga shi isowa. Jami'in da ke karɓar na goro a shinge ya bar mota ta wuce ba bincike, shi ma yana cikin masu shigo da makami, a hukunta shi a matsayin haka.

Nauyi na biyu na sarakuna ne da masu gari da arɗo-arɗo. A fitar da burtali a kafa masa alama tun kafin shuka, a bayyana ranar sakin gonaki kowa ya ji, a yanke ɓarna da adalci ko ɗan wa ya yi ta. Sarakunan wannan yanki da na Daura da Kazaure da Gumel 'yan'uwa ne tun kafin a ja iyaka, kuma ko gwamnatocin Yamai da Abuja sun yi tsamin dangantaka, labarin ɓarawo da saniyar sata yana iya ƙetarawa tsakanin fada da fada. A kasuwannin dabbobi kada dillali ya sa hannu a dabbar da ba a san mai ita ba, domin ɓarawon shanu ba ya sata sai ya san inda zai sayar.

Sauran nauyin namu ne. Sintirin dare yana da amfani in an yi shi da fitila da usur da waya, da sanin mai gari da jandarma, a sa Bahaushe da Bafulatani da Buzu da Babarbare a ciki, wanda aka kama kuma a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Maharba su tsaya ƙarƙashin shugabanninsu na gargajiya, a san kowa da bindigarsa, a yi mata takarda. Maƙeri ya san wanda yake ƙera wa. Baƙon da ya sauka da kuɗin da ba a san tushensu ba, ko ɗan gari da ya fara sayen burodi da man fetur fiye da bukatar gidansa yana kai wa daji, a sanar tun da wuri. Saurayin da zuciyarsa ke son riƙe bindiga don kare ƙasarsa, ƙofar aikin soja da jandarma da gardi a buɗe take, can za a koya masa lokacin harbi da lokacin dainawa, a ƙirga masa harsashi, a tambaye shi inda kowane ɗaya ya tafi.

Waɗannan matakai suna da wuya, suna cin lokaci, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke ba mutum irin ƙarfin zuciyar da yake ji in ya rungumi bindiga. Amma su ne ke hana a kai ga ranar da za a bukace ta. Duk mai faɗa a ji a Magariya da Dungas, malami a kan mumbari, uba a gidansa, shugaban fada a cikin abokansa, ya kamata ya ɗauki shigowar bindigar yaƙi ta farko cikin ƙauyensu a matsayin abin da ya shafi kowa, ya yi magana tun tana ɗaya, ko da mai ita mutumin kirki ne, ko da ɗan'uwansa ne.